Idan Bauchi Za Ta Kafa Gasar Ƙwallonta, Ina Ya Kamata Kuɗin Ya Shiga?

Ɗan ƙanwata, wanda yake horar da wata ƙungiyar matasa a unguwarmu tun da ya kammala karatu, ya zo mini wata ranar Juma'a bayan La'asar riƙe da takardu shafi huɗu. Shi da abokansa sun zauna sun tsara wata shawara da suke son miƙa wa hukuma, cewa a kafa sabuwar gasar ƙwallon ƙafa ta ƙwararru a garin Bauchi, mai ƙungiyoyi goma, gwamnati ta ɗauki nauyinta, a kuma riƙa buga dukkan wasannin a filayen cikin gari. Ya ce mini, "Kawu, kai da ka daɗe kana riƙe wa ƙungiya littafi, duba mana ko akwai abin da muka manta." Na sa tabarau na karanta daga farko har ƙarshe. Shafi uku sun tafi a kan bikin buɗe gasa, da girman kofi, da launin rigunan kowace ƙungiya, da manyan baƙin da za a gayyato, sai rabin shafi na ƙarshe ne ya taɓo maganar kuɗi, shi ma a jimlace, da cewa gwamnati za ta samar da abin da ake bukata. Ban yi masa dariya ba, domin ni ma da irin wannan zumuɗin na shiga harkar a ƙuruciyata, kuma tunanin nasu ba na banza ba ne. Abin da na gaya masa a zaure a ranar, da abin da na ci gaba da juyawa a raina bayan ya tafi, shi nake son in shimfiɗa a nan.

Na fara da tambayarsa wace ce wannan gwamnatin da za ta biya. A wasu ƙasashe birni yana da shugabansa da majalisarsa da harajinsa, yana iya cewa zai gina fili ko ya ɗauki nauyin gasa daga asusunsa. Garin Bauchi ba shi da irin wannan asusu. Abin da muke da shi shi ne ƙaramar hukumar Bauchi, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 20 na jihar, sai kuma gwamnatin jiha wadda take da ma'aikatar wasanni, take da babban filin wasa, take kuma riƙe da Wikki Tourists, ƙungiyar ƙwallon jihar. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, to amma ko da kuɗin ya shigo hannunsu cif-cif, albashin malaman firamare da ɗakunan shan magani da kwashe shara suna gaba a layi. Saboda haka duk wanda ya ce gari zai ɗauki nauyin gasa, a zahiri gwamnatin jiha yake nufi, kuma wajibi ne ya shirya amsar da zai ba mutumin Azare ko Misau ko Ningi ko Dass idan ya tambaya me ya sa za a kashe kuɗin jiha gaba ɗaya a kan wasan da 'yan cikin ganuwa kaɗai za su kalla.

Sai kalmar ƙwararru, wadda suka rubuta da manyan baƙaƙe a saman takardar. A harkar ƙwallo ba iya murza leda ake nufi da ƙwarewa ba. Ƙwararren ɗan wasa shi ne wanda yake da rubutaccen kwantiragi da kulob, ake kuma biyansa abin da ya wuce kuɗin mota da na sabulu, wato ƙwallon ita ce sana'arsa. Na ɗauki biro muka yi lissafi tare a bayan takardar tasa. Ƙungiyoyi goma, kowace da 'yan wasa 25, sun zama mutum 250. Idan aka biya kowannensu mafi ƙarancin albashi na ƙasa da aka sa wa hannu a 2024, wato naira 70,000, kuɗin wata guda ya kama naira miliyan 17 da rabi, na shekara kuma miliyan 210. Wannan albashin 'yan wasa ne tsurarsa, ba a sa masu horarwa ba, ba a sa alƙalan wasa ba, babu ƙwallaye da raga da magani da jami'an tsaro. Don a gane nauyin adadin, kyautar da aka ware wa zakaran babbar gasar ƙasa ta NPFL a kakar da Remo Stars ta lashe a 2025 naira miliyan 200 ce. Ke nan albashin ƙaramar gasar cikin gari, a mafi ƙasƙancin farashi, ya zarce ladan wanda ya zo na ɗaya a Najeriya baki ɗaya. Yaron ya yi shiru yana kallon lambobin, ni kuma na ce masa kada ya karaya, domin akwai wani ɓangare na shawarar tasu da ya fi ƙarfi fiye da yadda su kansu suka lura.

Wannan ɓangaren shi ne buga wasannin a gari ɗaya. Duk wanda ya taɓa bin ƙungiya zuwa wasan waje ya san cewa hanya ce take cinye kuɗin ƙwallon Najeriya, ita ce kuma take karya 'yan wasa tun kafin alƙali ya busa usur. Ƙungiyar Bauchi da za ta yi wasa a Uyo ko Aba ko Fatakwal sai ta bi ta Jos, ta gangara Akwanga da Lafiya da Makurɗi, a wuni a mota a kwana a hanya, a biya masauki da abinci na mutum talatin ko fiye, sannan a shiga fili da ƙafafu a kumbure. Mutanen garin nan ba su manta da watan Fabrairun 2021 ba, lokacin da motar Wikki Tourists ta kama da wuta a Hawan Kibo tana kan hanyar zuwa Uyo. Allah ya kiyaye rayuka, amma motar da kayan da ke cikinta suka ƙone. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuwa, kuɗin kowace irin wannan tafiya ya ninka. Gasar da ɗan wasa zai tashi daga Jahun ko Yelwa ko Fadaman Mada ya hau Keke Napep ya isa fili cikin minti ashirin, ya yi wasa ya koma ya ci tuwon gidansu, ta kuɓuta daga wannan ɗawainiya gaba ɗaya. Ƙungiyoyi goma da za su kara gida da waje za su buga wasanni 90 a makonni 18, biyar kowane mako, kuma babu ɗaya da zai bukaci kwanan otal. Wannan riba ce ta gaske, kuma a kanta ya kamata a gina komai.

Akwai abin da ya daɗe yana yi mini yawo a kai game da wannan batu, kuma asalinsa filin wasa na Abubakar Tafawa Balewa ne. A watan Afrilun 1999 Najeriya ta karɓi baƙuncin gasar matasa ta duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20, Bauchi tana cikin garuruwa takwas da aka yi wasa a cikinsu. Ina cikin waɗanda suka yi layi cikin zafin bazara don shiga kallo, kuma ƙungiyar da ta tsaya mini a rai ita ce ta Japan, wadda ta buga wasanninta da dama a nan. Mai horar da su Philippe Troussier ne, Bafaranshen da ya taɓa riƙe Super Eagles a 1997, cikinsu kuma akwai Shinji Ono da Naohiro Takahara. Mu a lokacin muna ganin Japan ƙasar rediyo da babur ce, ba ta ƙwallo ba, sai ga yaran nan sun wuce har wasan ƙarshe a Legas, inda Sifaniya ta su Xavi ta doke su da ci 4 da nema. Sai daga baya na fahimci cewa waɗannan yaran 'ya'yan wata sabuwar gasa ce, domin gasar ƙwararru ta Japan a 1993 ta fara, da ƙungiyoyi goma, daidai adadin da ɗan ƙanwata ya rubuta. Shekara shida kacal tsakanin kafa ta da ranar da muka gan su a Bauchi.

Yadda suka raba aikin shi ne abin lura. Kafin 1993 ƙungiyoyin Japan na kamfanoni ne, da sunayen kamfanonin ake kiransu. Da aka zo kafa sabuwar gasa sai aka ce kowane kulob ya jingina da wani gari, ya ɗauki sunan garin, ya kuma riƙe ƙungiyoyin yara a ƙarƙashinsa. Hukumomin yankuna suka shigo ta fuskar filaye. Misalin da aka fi bayarwa shi ne Kashima, ƙaramin garin masana'antu wanda ƙungiyarsa ta fito daga kamfanin ƙarfe na Sumitomo: gwamnatin lardin Ibaraki ce ta gina filin ƙwallo mai ɗaukar mutum kusan 15,000, kulob ɗin kuma ya zo da Zico na Brazil, daga baya Kashima Antlers ta zama ƙungiyar da ta fi kowace cin kofin gasar. Hukuma ta gina fili ta kula da shi, amma ba ita take zaɓen wanda zai tsaya a raga ranar Asabar ba. Ba ina cewa Bauchi tana da arzikin Ibaraki ba, kuma ba mu da kamfani irin Sumitomo. Abin da nake ɗauka daga wurinsu shi ne sanin inda hannun hukuma yake tsayawa.

Mu a nan mun bi wata hanyar daban. Gasar ƙasa ta fara a 1972, Mighty Jets ta Jos ta fara ɗaukar kofin, aka mayar da ita ta ƙwararru a 1990, kuma sannu a hankali, da kamfanoni da attajirai suka janye, sai gwamnatocin jihohi suka zama su ne masu mafi yawan ƙungiyoyin. Ba zan yi butulci in ce tsarin bai taɓa haifar da komai ba. Da kuɗin jihar Abiya Enyimba ta ci kofin zakarun Afirka a 2003 da 2004, da kuɗin jihar Kano kuma Kano Pillars ta ɗauki kofin ƙasa a 2008, ta sake ɗauka sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014. Mu ma mun ɗanɗana: Wikki ta ci kofin ƙalubale a 1998 bayan ta doke Plateau United a bugun fenareti, a 2016 kuma, ƙarƙashin Abdu Maikaba, ta ƙare a matsayi na uku, Godwin Obaje ya fi kowa zura ƙwallo da 18, har ta samu gurbin gasar Afirka ta shekara mai bi. Maƙwabtanmu Gombe United sun zo na biyu a 2007 suka wakilci ƙasa a gasar zakarun Afirka. To amma a dubi abin da yake biyo bayan kowace nasara. Wikki ɗin da ta zo ta uku a 2016 ita ce ta faɗa rukuni na biyu a 2023, sai a 2025 ta samu dawowa. A 2024 Gombe ta rasa ƙungiyoyinta biyu a kaka guda, Gombe United da Doma United, filin Pantami na garin Gombe ya wayi gari babu ƙungiyar gida a babbar gasa. Ƙungiyar da take rayuwa da takardar neman sakin kuɗi tana tashi ne idan mai sa hannu yana son ƙwallo, ta kwanta idan hankalinsa ya koma wani wuri ko zaɓe ya kawo wani.

Na san wani yaro da muka raina a ƙungiyarmu ta unguwa, ɗan baya mai natsuwa wanda ba ya tsalle sai ya ga inda ƙwallo za ta sauka. Wani kulob na gwamnati a wata jiha ya ɗauke shi, aka yi masa alkawarin kuɗin sa hannu, aka ba shi kaso kaɗan aka ce sauran sai an saki kuɗi. Ya yi kaka biyu yana jiran wannan sakin, a ta biyun ya samu rauni a gwiwa, aka sallame shi ba tare da an yi masa aiki ba. Yau yana sayar da kayan waya, kuma duk lokacin da na bi ta gaban shagonsa sai ya taso da ɗingishi ya gaishe ni. Idan aka kafa gasa mai ƙungiyoyi goma, dukkansu suna kallon asusu ɗaya, wannan labarin za a maimaita sau goma a lokaci guda, kuma ranar da kuɗin ya makara ba kulob ɗaya ne zai tsaya ba, gasar ce gaba ɗaya. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Shi ya sa na ce wa ɗan ƙanwata su sake rubuta rabin shafin nan na ƙarshe, su nemi gwamnati ta biya abubuwan da kowace ƙungiya take amfana da su amma babu wadda za ta iya yinsu ita kaɗai, su kuma cire albashin 'yan wasa daga wuyanta. Na farkon waɗannan abubuwa fili ne. Wasanni biyar a mako ba za su yiwu a babban filin wasa kaɗai ba, ga Wikki tana bukatarsa, ga taruka da bukukuwa da ake kaiwa can. Ana bukatar ƙananan filaye uku ko huɗu a sassan gari, irin su Kobi da Games Village da wajen Yelwa, a daidaita ƙasarsu, a yi musu magudanar ruwa saboda ruwan Agusta, a kewaye su da katanga mai ƙofa, a sa shinge tsakanin 'yan kallo da 'yan wasa, a gina ɗakin sauya kaya da banɗaki da famfo. Katangar nan ita ce jarin farko, domin filin da ba shi da ƙofa ba a sayar da tikiti a cikinsa, kuma gasar da ba ta karɓar kuɗin ƙofa ba za ta taɓa yaye kanta daga gwamnati ba. Wani amfanin shi ne ko gasar ta mutu bayan shekara uku, filin yana nan, makarantu da yaran unguwa za su ci gaba da morarsa, saɓanin kuɗin bikin buɗewa da yake ƙarewa tare da kiɗan ranar.

Na biyu shi ne alƙalan wasa, kuma a nan na fi daɗewa da shi. A shekarun da na yi ina riƙe littafin ƙungiya, na sha ganin yadda mai masaukin baƙi yake ɗaukar nauyin alƙali, daga kuɗin mota har abinci har abin da ake cusa masa a aljihu bayan an tashi. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Na taɓa tsayawa a bakin wani fili ina kallon alƙali yana ƙara minti bayan minti har masu gida suka samu fenareti, kuma da na yi masa magana daga baya bai musa ba, ya ce ni ma in nuna masa ta inda zai fita daga filin da babu shinge babu ɗan sanda in da ya busa tashi ana canjaras. Ban sami amsar da zan ba shi ba. Idan hukuma za ta biya alƙalai da mataimakansu kai tsaye ta banki kafin ranar wasa, ta samar da tsaro, ta kuma ajiye mai ɗaukar hoton bidiyon kowane wasa don a sami abin dubawa idan an kawo ƙara, ta yi wa gasar aikin da ya fi sayen kofin zinariya.

Mu 'yan Bauchi ba sai an ba mu labarin abin da yake faruwa idan aka bar gasa babu mai tsaron amanarta ba, domin a garin nan aka yi abin da duniya ta yi mana dariya a kansa. A watan Yulin 2013 aka kawo wasannin neman hawa Nationwide, ɗaya daga cikin ƙananan rukunan gasar ƙasa, nan Bauchi. Ƙungiyoyi biyu suka zo wasan ƙarshe da maki iri ɗaya, ya zama yawan ƙwallaye ne zai raba su, aka kuma buga wasannin biyu a lokaci guda. Plateau United Feeders ta ci Akurba 79 da nema, Police Machine ta ci Babayaro 67 da nema. An tafi hutun rabin lokaci ana 7 da nema a wasan farko, 6 da nema a na biyu, ke nan a wasan farko an zura ƙwallo 72 a zagaye na biyu kaɗai, abin da ko fili babu abokan hamayya sai an yi da gaske. Hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, NFF, ta haramta wa 'yan wasan da jami'an da abin ya shafa harkar ƙwallo har abada, ta dakatar da ƙungiyoyin huɗu shekara goma. Ƙungiyoyin ba na garin nan ba ne, amma sunan Bauchi ne ya fita a jaridun duniya. Gasar cikin gari ta fi kowace fuskantar wannan haɗari, saboda kowa ya san kowa: mai tsaron gidan wannan ƙungiya ƙanin matar kocin waccan ne, shugabannin ƙungiyoyi uku kuma a majalisa ɗaya suke shan shayi. Dole kwamitin ladabtarwa ya kasance na mutanen da ba su da ƙungiya a gasar, a kuma hana mutum ɗaya mallakar kulob biyu ko da da sunan ɗan'uwansa ne.

Abu na uku ba ya ɗaukar ido ko kaɗan, shi ne rajista. Dokar FIFA ta tanadi cewa idan aka sayar da ƙwararren ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana cire kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka raine shi tsakanin shekara 12 zuwa 23, akwai kuma diyyar horarwa da ake biya idan ya sa hannu a kwantiraginsa na farko a waje. Tun 2022 FIFA ta buɗe ofishi na musamman da irin waɗannan kuɗaɗe suke bi ta cikinsa, kuma abin da yake dubawa shi ne tarihin rajistar ɗan wasan a kwamfuta. Yaron da ya yi shekara biyar yana wasa a Kobi ba tare da an shigar da sunansa ko'ina ba, in ya je Turai ya yi suna, ƙungiyar da ta saya masa takalmin farko ba ta da hujjar neman ko sisi. Ƙaramin ofishi mai ma'aikata biyu ko uku, wanda zai riƙe sunan kowane ɗan wasa da shekarunsa na gaskiya da kwafin kwantiraginsa, yana aiki tare da hukumar ƙwallon jiha, zai iya jawo wa ƙungiyoyin unguwa kuɗin da kuɗin ƙofa na shekaru ba zai kawo ba. Remo Stars ta Kunle Soname, a ƙaramin garin Ikenne na jihar Ogun, da makarantar horar da yara da filinta na kanta ta ginu har ta ɗauki kofin ƙasa ba tare da tana jiran kason wata-wata na gwamnati ba. A kan wannan ofishi zan ƙara motar ɗaukar marasa lafiya da ma'aikacin jinya a kowane wasa, da inshorar rauni ga duk wanda aka yi wa rajista, saboda yaron nan mai shagon kayan waya.

To wa zai biya 'yan wasa? Masu ƙungiyoyin, gwargwadon ƙarfinsu, bisa sharaɗin cewa kafin a fara kaka kowane kulob zai ajiye albashin wata uku a asusun da gasar take riƙe da shi, wanda ya kasa biya a taɓa ajiyarsa a kuma cire masa maki. Garin nan yana da 'yan kasuwar Wunti da Muda Lawal da babbar kasuwa, da ƙungiyoyin direbobi, da masu gidajen mai, da makarantu masu zaman kansu, ga jami'a da kwalejin kimiyya da fasaha. Mutumin da ba zai iya riƙe kulob mai zuwa Legas da Aba ba yana iya riƙe wanda iyakar tafiyarsa Gwallaga zuwa Kobi. A shekarun farko gaskiya ita ce mafi yawan 'yan wasan za su haɗa ƙwallo da wata sana'a ko karatu, a biya su alawus na wata da ladan cin wasa, kuma ban ga abin kunya a kiran gasar da sunanta na gaskiya ba har ta yi ƙwari. Masu son a fara da sayo manyan sunaye suna kawo misalin Saudiyya, inda asusun jarin gwamnati ya karɓi kashi 75 cikin 100 na manyan ƙungiyoyi huɗu a 2023 bayan zuwan Cristiano Ronaldo Al Nassr. Wannan rijiyar mai ce take ɗaukar nauyinsa. Ni misalin Sin nake tuna musu, inda Jiangsu ta ci kofin ƙasa a 2020, bayan 'yan watanni kuma kamfanin da yake riƙe da ita ya rufe ta.

Akwai kuma maganar 'yan kallo, wadda takardar tasu ta ɗauka tamkar abin da zai zo da kansa. Abokin hamayyar wannan gasa ba Wikki ba ce, gidajen kallo ne. Matashin da zai biya kuɗi kaɗan ya zauna a inuwa ya kalli Arsenal ko Barcelona ba zai bar wannan ya tafi cin ƙura ba sai an ba shi dalili, dalilin kuwa shi ne unguwarsa ce take wasa, ɗan maƙwabcinsu ne yake sanye da lamba tara. Saboda haka ƙungiyoyin su ɗauki sunayen unguwanni, kada a sa musu sunan wani ɗan siyasa, domin ranar da ya faɗi zaɓe rabin magoya baya za su watse, ɗaya rabin kuma dama ba su taɓa zuwa ba. A kuma tsara jadawali da sanin garin: wasa ƙarfe huɗu bayan an idar da La'asar, a kauce wa yammacin Asabar da Lahadi lokacin da gasar Ingila take ci, a yi la'akari da azumi da tsakiyar damina. Gidajen rediyon garin, irin su BRC da Globe FM da Albarka, su ne za su kai wasan kunnen mai shago da direba, kuma sharhin ƙwallo da Hausa yana da daɗin da ba ya bukatar talla. Sannan wajibi ne tun farko a zauna da hukumar ƙwallon jiha da NFF, domin gwamnati ba ta da ikon ƙirƙiro gasar ƙwararru a gefe ta ce ta halatta, kuma FIFA ta taɓa dakatar da Najeriya a 2014 saboda katsalandan. Zakaran gasar ya kamata ya sami hanyar hawa rukunin Nationwide, wato NLO, daga nan rukuni na biyu na ƙasa, wato NNL, don 'yan wasa su san tsanin yana kaiwa wani wuri.

Da na gama, ɗan ƙanwata ya ce, "Kawu, ai ka cire duk abin da zai sa a karɓi takardar. Babu wanda zai zo yanke kyalle saboda banɗaki da ofishin rajista." Na ce masa ya yi gaskiya, kuma su bar bikin buɗewar a ciki, amma su mayar da shi shafi na huɗu, su kuma nemi a rubuta kason gasar a doka na tsawon shekara biyar, yana raguwa kowace shekara, don kada ya dogara da fara'ar mutum ɗaya. Ya naɗe takardun ya tafi ba tare da ya nuna ya gamsu ba. Bayan kwana tara ya dawo da sabon rubutu, ƙungiyoyin sun koma takwas, wasannin sun zama 56 a makonni 14, shafin farko kuma jerin filaye ne da abin da kowanne ya rasa. A gaban ɗaya daga cikinsu ya rubuta cewa babu magudana, ruwa yana kwanciya a ragar gabas. Mun yi da shi ranar Asabar da safe za mu je da igiyar awo mu ga ko faɗin filin ya kai yadda doka ta ce, domin ni a ganina gidajen da aka gina ta kudu sun ci wani abu daga cikinsa.